Dillalin Citta

Shekara talatin ina cin kasuwar Kachia
da hanci da babban yatsa.
In karya citta, in shinshina, in yamutsa fuska,
in ce, "Da sauran ruwa."
Ko ta bushe ƙayau kamar karan bara,
da sauran ruwa.
Ruwan nan ne ya yi mini rufin kwano,
shi ya aurar da Lantana.

Dogara bai taɓa yi mini musu ba.
Sai ya cire hula, ya sosa ƙeya,
ya harari buhunansa
kamar su ne suka yi masa ƙarya.
Mu rabu da "Allah ya kai mu baɗi."

Baɗi ta zo, Dogara bai zo ba.
'Yarsa ya turo, Rifkatu,
wadda na sha saya wa ƙosai tana rarrafe.
Ta sauko daga babur ɗin Tanimu
riƙe da wata na'ura mai tsinke biyu,
ta soka a cikin buhu.
Na ce da sauran ruwa.
Ta juyo mini da fuskar abin:
"Goma cikin ɗari, Baba Barau.
Masu saye sun yarda har sha biyu."
Ranar na san hanci ma yana jin kunya.

Su tara ne, duk cikin waya ɗaya suke taro.
Sun daina shanya a bakin kwalta
inda akuya ke takawa, tirela na tofa ƙura.
Sun wanke, sun yanka, sun baza a gadon raga.
Kowane buhu da lambarsa,
da sunan gona, da ranar tono,
kamar jaririn asibiti.
Ganye ya yi ɗorawa, sai hoto ya tafi Samaru,
kafin la'asar malamin gona ya amsa.
Ban gama hura shayina ba
sun san abin da buhu ya kwana a Legas.

An ce abin da babba ya hango
yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.
To, na ga Tanimu bisa tankin ruwa,
hannu a sama yana farautar sabis,
daga can ya hango tashar jirgin ruwa
ni kuwa ina hangen tashar mota.

Ba kullum suke ci ba.
Waya ta ce ruwa Talata, ya sauko Litinin,
na yi dariya har da tari.
Wani kuma ya turo musu alat na bogi,
buhu bakwai suka bi iska.
Da ya zo gabana, daga takalminsa zan gane shi.
Amma mutumin ba shi da takalmi,
hoto ne kawai da zaƙin baki.

Bayan kwana uku sai ga sallama.
Rifkatu ta durƙusa, ta ajiye goro.
"Na'ura ta san ruwa, Baba,
ba ta san yaji ba, ba ta san mutum ba.
Zo ka shinshina mana duka biyun.
La'adarka a rubuce, kowa zai gani."

A rubuce.
Na kwana ina juya kalmar kamar tsakuwa a shinkafa.

Yau Dogara na zaune kan buhu na farko,
tsufa ya cinye masa gwiwa.
Bai ce mini komai ba, citta ya miƙo.
Na karya, ta ce ƙas.
Yaji ya hau mini kai har ido ya kawo ruwa.
Tsohuwar maganar ta taso, ta tsaya a maƙoshi.
Yara tara sun zuba mini ido,
waya ɗaya na ɗauka.

Na ce, "Ta bushe."
Dogara ya mayar da hularsa.